Jirgin da Na Hana Likita Issufu Saye

A Gaya na fara sanin cewa ni matsoraci ne. Gadar da ke tsallakar da mutum zuwa Benin a rufe take a lokacin, sai dai kwalekwale, ni kuwa tun da aka haife ni a Kore Mairuwa ban taɓa shiga ruwan da ya wuce mini gwiwa ba. Sunan garinmu ne kawai mai ruwa. Ruwan namu a ƙarƙashin ƙasa yake, sai an haƙa. Na zauna a tsakiya na rungume akwatin kayan aikina. Mai kwalekwale ya ce in miƙo a aje a gaba don nauyi ya daidaita, na ce ko kusa, domin na sha jin labarin masu kifar da kayan mutane da gangan su dawo daga baya su tsamo. Wata tsohuwa Bazabarma da ke kusa da ni ta ga yadda na ƙanƙame akwatin, ta ɓaro goro ta miƙo mini. Na karɓa na yi godiya, na jefa a aljihu, ban ci ba.

Sunana Shaibu, makanise ne ni. Shekara goma sha biyu na yi ina gyaran injin ban-ruwa a lambunan Kore Mairuwa har zuwa Dogon Dutsi, kafin famfo mai aiki da hasken rana ya shigo ya cire mana abinci daga baki. Abin ba ya shan mai, ba ya tari, ba ya neman makanise. Da na ga damina biyu ta wuce matata Hadiza ce ke riƙe da gida da sayar da ƙuli-ƙuli, sai na ɗauki akwatina na nufi bakin teku, inda aka ce inji ba ya ƙarewa. Babana mahaƙin rijiya ne, kuma a wurinsa na gaji rashin yarda da mutane, na kuma gaji ɗanɗana ruwa. A wajenmu rijiya biyu sai su yi maƙwabtaka, ɗaya garɗi ɗaya kanwa, mai kanwar kuwa cikin shekara take cinye inji. Don haka ban taɓa girka inji a bakin ruwa ba sai na tsoma yatsa na kai baki.

A Kwatano duk tsantsenina ya tashi a banza. Na ƙi mai ɗaukar kaya, na ƙi ɗan kabu-kabu, na ƙi ruwan leda da wani ya ba ni kyauta. Sai ga wani mai farar riga da carbi ya yi mini sallama da Hausa tas, ya ce ya ga alamar ɗan gida. Ya ce akwai garejin da ke neman makanise ido rufe. Muka yi tafiya mai nisa a ƙasa, muka isa wata ƙofar ƙarfe, ya ce mai gadi ba ya barin baƙo ya shiga da kaya sai an rubuta su, in jira shi. Da hannuna na miƙa masa akwatin da na hana mai kwalekwale taɓawa. Na tsaya a wurin har la'asar. Da na gaji na tura ƙofar, sai na tarar lungu ne kawai da ya ɓulle wani titi. Abin da ya rage mini a duniya shi ne sufana ɗaya mai lamba goma sha uku, wadda na manta a aljihun wando. Ranar na fara ganin teku. Na durƙusa na ɗanɗana ta saboda sabo, na tofar, masu jan taru suka yi ta mini dariya.

A Lome na yi wata biyu ina dakon ƙanƙara a kasuwar kifi. Akwai wata mai sayar da abinci, Maman Afi, wadda kullum da rana take zuba mini shinkafa da wake ta ƙi karɓar komai. Na ce a raina ba banza ba. Mu Arawa, mutanen ƙasar Dogon Dutsi, mun san abin da ake zubawa a abinci, kuma mun san mutanen kudu sun fi mu. Sai na riƙa ɗibar loma ta farko in jefa wa wata kyanwa, in jira in ga abin da zai same ta. Kyanwar ta yi ƙiba. Ran nan Maman Afi ta kama ni, ta zo ta zauna a gabana ta sa hannu a kwanona ta ci loma uku tana kallona. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na gyara mata injin markaɗe da sufanata ɗaya da wuƙar yanka albasa, ita kuma ta haɗa ni da wani ƙanenta direban babbar mota, ya ɗauke ni har Abijan a bisa buhunan gari.

Ina da lambar wani Alhaji Tankari, mutumin Dogon Dutsi, dillalin motoci da jiragen ruwa. Na same shi a ƙofar gidansa yana alwala, ƙaton mutum mai murya a shaƙe.

"Kai ɗan wa na a Kore Mairuwa?"

"Ɗan Bawa mai haƙar rijiya."

"Allahu akbar! Ai ubanka shi ya haƙa rijiyar gidanmu ta Dutsi. Shigo, shigo, nan gidanku na."

Aka kawo mini tuwon hatsi da miyar kuka, irin wanda rabona da shi tun gida. Ina ci ina share ido da bayan hannu, ina cewa yaji ne. Ya ba ni tabarma a ɗakin baƙi tare da wasu 'yan Arewa huɗu, ya saya mini kayan aiki na hannu, ya kai ni aka yi mini takardar zama. Duk Ba'are ya san ƙa'idar masauki: mai masaukinka ubanka ne a baƙon wuri, shi ke tsaya maka, kai kuma ba ka shiga tsakaninsa da abincinsa. Wannan karon na sauke duk wani zargi na aje. Na ce Allah Ya kawo ni gida.

Aikin da ya ba ni a wani wurin aje jirage ne a bakin tafkin da ke haɗe da teku. Jirgin irin wanda suke kira katamaran ne, wato kamar an jera manyan kwalekwale biyu an ɗora musu ɗaki a bisa. Ciki biyu gare shi, na hagu da na dama, kowane da injinsa na gazuwal, wato man dizal, da ɗakin kwana. A tsakiya akwai falo da madafa, a rufi akwai faifan hasken rana. Alhaji ya ce na wani Bature ne da ya koma ƙasarsu ya bar masa sayarwa. Wata guda na yi a kan injinan nan biyu. Na canza mai da matatu, na wanke hanyar ruwan sanyaya, na daidaita su har suka riƙa tashi da murya ɗaya. Inji dai inji ne, ko a lambu ko a teku, kuma waɗannan lafiyayyu ne.

Sai mai saye ya bayyana. Sunansa Likita Issufu, asalinsa Dogon Kiriya can ƙasarmu, shekara talatin da wani abu yana aikin asibiti a garuruwan bakin teku, yanzu ya yi ritaya. Siriri ne, rigarsa ta yi masa yawa, kuma duk inda ya ga benci sai ya zauna. Matarsa, Madam Akisi, 'yar ƙasar ce, tana ɗan jan ƙafa saboda ciwon gwiwa. Abin da yake so shi ne jirgin da za su zauna a ciki ɗungurungum, su riƙa bin gaɓa sannu a hankali, su kwana uku a wannan ƙauyen masunta, su yi sati a wancan, wuraren da ya yi aiki yana saurayi. Har ya sayar da gidansa, suna zaune a ɗakin haya.

Ban yarda da shi ba. Wane mai hankali ne zai sayar da gida mai katanga ya koma kan ruwa? Ga shi da gaggawa, kullum maganarsa kafin damina, kafin damina. Na ce ko dai wani abu yake son ya riƙa tsallakarwa a ɓoye, ko kuwa hukuma ke nemansa. Amma da ya ji Hausata sai fuskarsa ta canza, ya riƙe hannuna ya ƙi saki.

"Ɗana, ni ciwon mutum ni sani, ban san na ƙarhe ba. Mutanen ga kowa da bakinai. Kai ka zan idona. Abin da ka gani shi za ka hwaɗa min."

Alhaji ya yi dariya ya ce ai don haka ya kawo masa ɗan gida. Ya ce kuma ba zai tura masa jirgin da ke hannunsa ba sai ya ga na wasu tukuna, don zuciyarsa ta kwanta.

Na farko da muka gani fenti sai ƙyalli. Ina shiga ɗakin inji na ɗora tafin hannu, na ji ɗumi. An tayar da shi kafin mu iso, dabarar da ko masu sayar da tsohon babur a kasuwar Dutsi sun sani. Na ce mu dawo gobe da sassafe, kada kowa ya taɓa makulli. Da muka dawo, injin dama ya yi ta shaƙewa kafin ya kama, ya turnuƙe mu da shuɗin hayaƙi. Likita ya dube ni kamar na yi duba. Na biyu babba ne, Likita ya so shi ƙwarai, amma matakalarsa a tsaye take, Madam ta sauka da ƙyar ta hau da ƙyar. Kuma daɓen da ke tsakanin cikin biyu ya yi kusa da ruwa, ko ƙaramar igiyar ruwa ta zo sai ta doke shi daga ƙasa, dum, dum, wanda ba mai iya barci da shi. Ga shan mai kamar babbar mota. Na faɗi duk wannan, Alhaji yana gyaɗa kai yana cewa, "Kun ji ko? Yaron ga ba ya ɓoye gaskiya." Ni kuwa sai wani fankama nake yi.

Da aka zo kan namu, komai ya zauna daidai. Matakala uku ce mai faɗi. Ba ya nutsewa da zurfi, don haka zai shiga ƙananan mashigai inda masunta suke. Akwai inuwa a baya inda Madam ta zauna ta miƙe ƙafa ta ce a nan za ta riƙa tsinke ganye. Likita ya shafa teburin falo ya ce ga wurin littattafansa. Aka sa ranar Asabar za a fita da shi teku gwaji, in an dawo a sa hannu.

A wurin aje jiragen akwai wani tsoho ɗan Gana, Kwame, mai liƙe jikin jirage da danƙo da zare. Ba ya magana, kuma ban taɓa son idonsa ba. Tun satin farko na lura duk safiya kafin kowa ya zo yana fitowa daga cikin hagu na jirginmu da jarka biyu, ya zaga bayan rumfa da su. Na ce na kama ɓarawon gazuwal. Na kai wa Alhaji labari ina jiran yabo, sai ya yi murmushi ya ce in bar tsoho ya ci abinci. Alhajin da ke ƙirga ƙusa in an kwance? Maganar ta tsaya mini a rai. Ranar Alhamis na yi sammako na laɓe a bayan rumfa, da Kwame ya iso na tare shi na riƙe jarkar.

Ya iya Hausar zango. Ya ce, "Kai ɗan arewa, ni ne ɓarawo? Shinshina."

Na buɗe na shinshina. Ba mai ba ne, ruwa ne.

"Ni ban faɗa maka komai ba," in ji shi. "Ina da jikoki." Ya karɓi jarkarsa ya wuce.

Na shiga jirgi na ɗaga katakon daɓen cikin dama. Akwai ɗan ruwa a ƙasa, bai kai tafin hannu ba. Na tsoma yatsa na kai baki: ruwan famfo ne da ɗan sabulu, na wankin da ake yi wa jirgin. Na koma cikin hagu na ɗaga. Duk da Kwame ya gama kwashewa yanzu, har ya fara taruwa. Na ɗanɗana, gishiri ya cika mini baki. Na haska fitila can lungu, na ga wani faci mai faɗin faranti an shafe shi da sabon fenti, na danna da babban yatsa ya lotsa kamar gurasa. A gefe ga ɗan famfon da ya kamata ya riƙa fitar da ruwa da kansa, an zare masa waya, don kada ya riƙa tsartuwa a gaban masu saye. Wata guda ina aiki taku biyu daga wurin, ban taɓa ɗaga katakon ba, saboda an ce mini inji, ni kuma inji na duba.

Bayan sallar la'asar na sami Alhaji shi kaɗai a zaure. Na yi ta kewaye-kewaye kafin na faɗa. Bai yi fushi ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

"Shaibu, mi an ka ɗauke ka yi?"

"Inji, Alhaji."

"Injin na da ciwo?"

"Lahiyarsu lau."

"To. In Likita ya tambaye ka inji, ka ce lahiya lau. Ka yi ƙarya? Ni ban ce ka yi ƙarya ba, ni ma ina sallah. Wane jirgi na ba ya shan ruwa? Ya ɗan gogi dutsi, an liƙe. Jirgin ga ba na wani Bature ba na, nau na, dut abin da ni tara yana ciki. Kai dai tsaya ga aikinka."

A nan na gane dalilin tuwon hatsi. Na gane dalilin da ya sa aka zagaya da ni jirage biyu ina kushewa ana yaba mini. An gina mini suna ne a idon Likita don a kashe shi a kan na uku. Kuma duk da haka ba zan ce mutumin nan bai yi mini alheri ba. Takardar da ke aljihuna shi ya tsaya aka yi, sufanun da ke hannuna nasa ne, ɗan abin da na fara aika wa Hadiza daga wurinsa ya fito. In na buɗe baki, ba ni da wurin kwana a garin da ban iya yarensa ba, kuma labari zai riga ni isa Arewa cewa ɗan Bawa ya ci amanar mai masaukinsa. In na yi shiru, tsoho da matarsa mai ciwon gwiwa za su kwana a bisa facin da yatsana ya lotsa. Juma'a ta zo ta wuce ban yanke komai ba. Gaskiya ita ce na fi karkata ga yin shiru.

Ranar Asabar muka fita: Alhaji, Likita, Madam, wani matuƙi da aka ɗauko, da ni. Muna barin mashigi muka shiga teku sosai, na rungume ƙarfen gefe na amayar da kokon safe. Madam ta ba ni lemun tsami in tsotsa. Injina kuwa sai kiɗi suke yi, ba tari ba hayaƙi. Likita ya tsaya a gaba iska na kaɗa masa riga, yana nuna wa matarsa gaɓa yana kiran sunayen ƙauyuka. Ban taɓa ganinsa a tsaye na tsawon lokaci haka ba. Bayan kamar awa guda aka juyo, aka zauna a falo, Madam ta zuba shayi daga fulas. Alhaji ya fito da takardu ya aje a tebur.

"To, makanise," in ji Alhaji, "hwaɗa ma Likita. Ƙaƙa inji?"

"Inji lahiya lau," na ce. Muryata ta fita daidai.

Likita ya ɗauki biro. Sai ya tsaya, ya dube ni ta saman tabarau.

"Ɗana, bar batun inji. In kai na, za ka kwana cikin jirgin ga da matarka a tsakiyar teku?"

Da inji ya tambaya da na tsira. Na dubi Alhaji, ya kafe ni da ido. Na dubi Madam tana murza gwiwa. Na ji bakina ya ce, "A'a, Baba. Cikin hagu yana shan ruwa. An yi faci an shahe da fenti."

Alhaji ya yi wata dariya mai ƙarfi. Ya ce ruwan wanki ne, jiya aka wanke jirgin. Ya ce ya daɗe yana zargina, an ga ni ina ƙus-ƙus da mai jirgi na biyu, an yi mini alkawarin la'ada in na ɓata wannan ciniki. Ya faɗe ta da Hausa, ya sake faɗa da Faransanci don Madam ta ji. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda Likita ya juyo ya dube ni. Irin kallon da na yi wa mai kwalekwale ne, da Maman Afi, da Kwame. Mutum ne da ya shekara talatin a cikin baƙi, kuma yana son jirgin nan har cikin ransa.

"Nawa an ka ba ka?" ya ce a hankali.

"Baba, kada ka yarda da ni. Ni ma ban yarda da kowa ba."

Na ɗauki kofin shayi biyu na watsar da abin da ke ciki. Na sauka cikin dama na ɗaga katako na ɗebo. Na sauka cikin hagu, inda ruwan yanzu ya kai mini idon sawu saboda dukan teku, na ɗebo. Na aje su a kan takardun.

"In wanki na, tiyo guda an ka wanke su da shi. Ɗanɗana wanga, ka ɗanɗana wanga."

Alhaji ya ce wannan ƙazanta ce da raini, a ba babban mutum ruwan daɓe. Likita bai kula shi ba. Ya tsoma yatsa a na dama ya taɓa harshe. Ya tsoma a na hagu ya taɓa. Sannan ya tura wa matarsa kofin, ita ma ta taɓa, ta yamutsa fuska. Ya ce a fitar da jirgin bisa tudu a kankare fentin a gabansa, in lafiya yake zai saya a ranar. Alhaji ya ce ba a yi masa sharaɗi a kan kayansa. Likita ya mayar da biro aljihu. Har muka iso gaɓa injina biyu da na gyara suna ta aikinsu.

Da na isa gida na tarar da jakata a ƙofar zaure. 'Yan ɗakinmu suna zaune a tabarma, ba wanda ya ɗaga kai. Alhaji ya karɓi kayan aikinsa ɗaya bayan ɗaya, ya bar mini sufanata mai lamba goma sha uku.

"Ka ci tuwona wata ukku," ya ce. "A Arewa haka an ka koya maka?"

Gaskiya ba haka aka koya mini ba. Kafin magariba Hadiza ta kira tana kuka, wai an zo har gida an gaya wa babana na tozarta shi a Abijan. Kwame ne ya gan ni zaune a bakin titi da jaka. Ya ɗauki jakar ya yi gaba, na bi shi zuwa unguwar masunta, inda ya shimfiɗa mini kwali a rumfar da matarsa ke ƙyafe kifi.

Na sa rai Likita zai neme ni. Na ce ko aiki zai samar mini, ko ya ce mu ci gaba da neman wani jirgin. Sati uku shiru. Na ce to, an gama da ni, haka mutane suke. Sai ran nan ga Madam Akisi ta zo unguwar tana tambayar makanise ɗan Nijar. Ta sa ni a tasi muka je ɗakin hayarsu. Kwalayen littattafai na jere a bango a ɗaure, kamar yadda aka shirya su don jirgi. Likita yana kwance, ya ƙara ramewa, robar ƙarin ruwa a hannunsa. Ashe gaggawar da na ɗauka ta rashin gaskiya ce, ta wannan ce. Ya san ciwonsa tun kafin ya sayar da gida, ya kuma san yawan watannin da suka rage masa. Neman wani jirgi da gwada shi ya fi ƙarfin abin da ya saura.

Na durƙusa a gefen gado na gaishe shi.

"Da ka yi shiru," ya ce, "da na samu ko wata guda bisa ruwa. Wata guda ni ka nema, Shaibu. Ni ko ya nutse da ni, ban yi asara ba."

Na ce, "Ka gahwarce ni, Baba."

"Babu abin gahwara. Ni kwanana sun ƙare, amma ita nata da saura." Ya nuna Madam da haɓa, tana tsaye a bakin ƙofa. "Ban yi tunaninta ba, kai ka yi. Na kira ka in hwaɗa maka da bakina, ka yi daidai." Ya rufe ido. "Amma kada ka sa rai in so ka. Tashi ka tahi."

Na tashi na fito. Madam ta rako ni har bakin titi, ta riƙe hannuna da hannu biyu, ba ta iya Hausa ba ni ban iya yarenta ba. Na ƙi shiga tasi, na taka da ƙafa har unguwar masunta, ina kuka a titi kamar ba namiji ba, masu mota suna yi mini oda in kauce.